Mega Biyar a Bakin Rumbun Malam Hudu

A Wurma in ka ce kana neman Malam Hudu, za a tambaye ka wanne, don su uku ne. Amma in ka ce Hudu na rumbu, mutum zai fara murmushi tun kafin ya ɗaga hannu ya nuna maka gidan.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Wata ranar Asabar da hantsi, magidanci mai shekara hamsin da biyar, da gemunsa da furfurarsa, ya hau kan rumbun geronsa riƙe da wata 'yar na'urar intanet da ba ta fi sabulun wanka girma ba. Jinkar ta burma, ya zurma ciki. Ba abin da ya rage a waje sai hannunsa na dama, daga gwiwar hannu zuwa sama, a miƙe ƙiƙam da na'urar a tafi. Faɗuwa dai ba baƙon abu ba ce, kowa na faɗuwa. Abin da ya sa tasa ta shiga tarihi shi ne da aka kawo tsani za a ciro shi, sai ya ce daga ciki duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Kusan minti arba'in ya yi a haka.

Masu ba da labarin a kasuwar Kurfi nan suke tsayawa, don nan dariyar take. To amma rashin adalci ne a bar mutum cikin rumbu ba a faɗi abin da ya kai shi ba.

Malam Hudu manomi ne. Da damina gero da dawa a gida, da rani kuma ya ɗaure buhu a bayan babur ya nufi bakin dam ɗin Zobe, inda yake da lambun tumatir da albasa. Lambun nasa shi ne na can ƙarshen magudanar ruwa, wurin da kowa ya ƙi, don kafin ruwa ya iso nan duk na gaba sun sha sun ƙoshi. Ranar da ya karɓi wurin, manoma suka ce ko ciyawar tafasa ba za ta fito ba. Ya ɗauki fartanya ya bi magudanar da ƙafa tun daga bakinta, yana toshe duk inda take yoyo, yana lura da lokacin da maƙwabta ke rufe nasu fangali ya buɗe nasa. Shekara ashirin ke nan, kuma albasarsa ake fara tayawa. Tun daga nan mutanen Wurma suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta sa Hudu aiki ita ce a ce masa abu ba zai yiwu ba.

A gidansa akwai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Gogo, har 'ya'yan da ta haifa. Shekara biyu da suka wuce ta faɗi ta karye a ƙugu, tun daga nan iyakarta ƙofar ɗaki, kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Akwai kuma Mubina, 'yarsa ta fari. A bisa kunyar da ya gada, bai taɓa kiran sunanta ba. Sai dai ya ce "yarinyar nan", in abin ya yi tsanani ya ce "jikar Gogo". A ɗakin Gogo ta tashi, a bakin Gogo ta fara jin Fatiha, tsohuwa na kaɗi da mazari tana biya mata ƙananan surori.

To ita wannan Mubina ce ta haye matakin ƙaramar hukuma a musabaƙar karatun Alƙur'ani, izu ashirin, aka ce za ta je Katsina ta kara da 'yan sauran ƙananan hukumomi. Aka kuma ce za a nuna karatun kai tsaye ta intanet.

Gogo ta ce tana son ta gani. Aka kawo mata waya a gwada, ta kai ta har kan hancinta, ta ce ita ba ta ga komai ba sai wani abu kamar ƙuda a cikin madara. Zinariya, matar Malam Hudu, ta ce to ai ba komai, in an gama sai a ɗauko hoton a saka mata a babban allo ta kalla a tsanake.

"A tsanake?" in ji Gogo. "Ke in ɗanki na tsallaka rafi, sai ya haye sannan za ki ce Allah ya kiyaye? Tana karatu ina mata addu'a, haka nake so. Idon nan kuwa ban san ko zai kai baɗi ba."

Malam Hudu yana bakin ƙofa yana gyaran igiya. Ya ce, "Za ki gani, Gogo." Saura kwana goma sha tara.

Talabijin ba matsala, yayansa Alhaji Sodangi, mai sayar da hatsi a Dutsin-Ma, ya taɓa aiko wa Gogo da wata babba mai kama intanet, tana nan a kwalinta. Wuta ma ba matsala, ya kwance faifan sola da batirin lambu ya kawo gida. Ya je Dutsin-Ma shagon wani mai gyaran waya, Abraham, ya sayi 'yar na'urar nan da ke jawo intanet ta raba wa talabijin da wayoyi, ya ce a cika masa ita da data har wuya. Abraham ya haɗa komai, ya koya masa inda zai danna.

Da aka kunna a gida, hoto ya fito, wani malami ya ɗaga hannu zai yi bayani, sai ya daskare da baki buɗe. Wata 'yar da'ira ta fito a tsakiyar allon tana juyawa. Gogo ta ƙura ido ta ce, "Wannan kuma mazarin wa ye?" Shi ke nan sunan ya bi ta. Kwana uku ana abu ɗaya: magana biyu, mazari, magana ɗaya, mazari.

A rana ta huɗu ya koma Dutsin-Ma, ya ajiye na'urar a kan teburin Abraham kamar mai mayar da ruɓaɓɓen kifi.

"Oga Abraham, na ce ka cika ta, halan rabi ka zuba?"

Abraham ya duba ya yi dariya. "Baba, datarka na nan, ko kusurwarta ba ka ci ba. Ba yawa ne matsalarka ba, gudu ne."

"Gudun me? Wa ya kore ta?"

"Ka ga, talabijin ba ta ajiya, a take take cin abin da aka ba ta. In hoto na talaka kake so, dishi-dishi, sai an riƙa ba ta mega uku duk daƙiƙa. In kana son fuska ta fito tar, sai biyar. Irin na manyan gidaje ma har ashirin da biyar suke nema. Da ta samu ƙasa da haka sai ta tsaya jira, shi ne juyin da kake gani. Kuma duk wayar da ta shiga na'urar nan, daga cikin rabon talabijin take sha."

Malam Hudu ya shafa gemu. Can ya ce, "Wato dam a cike yake. Tiyo ne siriri, kuma ya huje."

Abraham ya ajiye abin da ke hannunsa. "Baba, shekara shida ina wannan bayani a garin nan, ban taɓa faɗinsa daidai haka ba."

Ya saka masa wani ma'auni a waya, mai allura irin ta babur, in ka danna ta tashi ta tsaya a kan lambar gudun da kake samu. Sannan ya rage murya. "Amma gaskiya, Baba, Wurma da nisa daga ƙarfen sabis. Da wuya ka ga biyar. Ka kawo Mama gari kawai."

Da Abraham ya san da wanda yake magana, da bai faɗi wannan ba.

Washegari mutanen gida suka tashi suka ga maigida yana zagaya tsakar gida, na'ura a hannu ɗaya, waya a ɗaya, gawayi a bayan kunne. Duk inda ya tsaya sai ya danna, ya jira allura, ya rubuta lambar a bango. Ɗakin Gogo, ɗaya. Zaure, ɗaya da rabi. Gindin darbejiya, rabi. Bakin turken awaki, biyu, abin da ya sa Zinariya ta ce to a mayar da Gogo can mana. Ya auna da safe, ya auna da azahar, ya auna da la'asar, ya gano da hantsi abin ya fi gudu, da yamma kuwa ya ja baya.

"Ai dole," ya ce. "Da yamma kowa ya buɗe fangalinsa."

Kafin mako ya zagayo, bangon gidan ya koma kamar allon makaranta. Zinariya ta ce ita dai ta yi yaɓe saboda baƙi, ba saboda lissafi ba. Ya ce ruwan sama zai wanke.

Sai kuma ya koma kan hujin tiyo. Ya daɗe yana mamakin yadda bayan katangarsa, inda ba inuwa ba iska, ya zama wurin hutawar magidanta da rana tsaka, kowa ya jingina yana kallon tafin hannunsa. Ashe lambar sirrin na'urar ta zaga unguwa, daga bakin wa ta fita har yau ba a sani ba. Abraham ya duba masa ya ce waya goma sha ɗaya ke sha. Aka canza lambar, aka rubuta a 'yar takarda, Malam Hudu ya cusa ta cikin naɗin hularsa. Washegari bayan katanga ya koma na ƙadangaru.

Duk da haka allura ba ta wuce uku ba. Sai ya tuna cewa ruwa gangare yake bi, to wannan abin kuwa ta sama yake zuwa. Ya hau katanga, uku da rabi. Ya jingina tsani a jikin rumbu ya hau, ya miƙa hannu ta wajen Kurfi. Allura ta tashi, ta wuce huɗu, ta yi rawa, ta tsaya a biyar da ɗoriya. Ya danna sau uku don kada ya zama ƙarya take masa. Ya sauko ya rubuta biyar a jikin rumbun, babba, ya zagaye ta. Ya samo gora ya ɗaure a jikin rumbu, ya ɗaure na'urar a kanta, ya jawo talabijin bakin ƙofar Gogo inda take hangen rumbun ba bango a tsakani.

Ana saura kwana biyu Alhaji Sodangi ya iso da mota. Ya dubi bango, ya dubi gora, ya dubi ƙaninsa.

"Hudu, wai kai yaushe za ka girma? Ga gida can a gari, sabis har cikin banɗaki. A shimfiɗa katifa a mota a kai ta."

"Yaya Alhaji, likita ya ce kada a jijjiga ƙugun nan."

"To a hankali za a tafi."

"A hankalin ma jijjiga ce."

"In abin nan ya tsaya ranar fa? Tsohuwa ta sa rai, ga mutane ka tara. Wurma ce fa, Hudu. Nan ko kira ne sai ka hau tudu."

"Wurma ce, na sani, nan aka yanke mana cibiya ni da kai. Abin nan ta kan gidajenmu yake wucewa kafin ya je muku gari. Ba roƙo na je yi ba, rabonmu zan tare. A ɗakinta za ta gani."

Daga ciki Gogo ta ce, "Sodangi, ƙyale shi. Tun yana goye in ya kama abu sai dai a yanke zanen."

Ranar Asabar tun da sassafe gida ya cika. Mata a tsakar gida, maza daga bakin zaure, Alhaji Sodangi a kan kujera ya harɗe hannu irin na wanda ya zo ganin ƙarshen magana. Malam Hudu ya tsaya a ƙofa da ƙwarya, duk wanda zai shiga sai ya kashe wayarsa ya saka a ciki. Aka ce masa ai an canza lamba, wayoyin ba za su iya sha ba. Ya ce shi ma fangalin maƙwabcinsa a rufe yake kwana, amma da safe a jiƙe yake ganinsa.

Aka jawo gadon Gogo bakin ƙofa, allo bai fi kamu uku daga fuskarta ba. Hoto ya fito tar: zauren taro, alƙalai a jere da ƙararrawa a gabansu, yara mata na hawa ɗaya bayan ɗaya. Awa guda ba ko gezau. Har Alhaji Sodangi ya fara sauke hannu.

Abin da Malam Hudu bai auna ba shi ne ɗanyar gora. Rana na dukanta tana lanƙwasa, igiya na saki, har na'urar ta sunkuyo ta koma bayan jinka. Daidai lokacin da mai gabatarwa ya ce bayan wannan mai karatu sai wakiliyar Kurfi, hoto ya daskare.

"Ga mazarin nan ya dawo," in ji Gogo, a hankali.

Wani daga zaure ya ce, "Ai dama." Malam Hudu bai tsaya neman mai maganar ba. Ya tuɓe takalmi, ya haye tsani, ya tsinke igiyar da haƙori, ya ɗaga na'urar. Mazari na nan. Ya ƙara hawa har matakin ƙarshe. Mazari na nan. Sai ya ɗora ƙafa a kan jinka, wadda shekara uku Zinariya na cewa a sake ta.

Ƙarar da aka ji ba ta da girma, kamar an taka busasshen kara. Sai ga tsani ya faɗi gefe, maigida ya ɓace, hannu kaɗai ya rage a sama. Mata suka sa salati. Alhaji Sodangi ya ruga ya ɗauki tsanin yana kiran sunansa.

Daga cikin rumbu murya ta fito, a shaƙe. "Hoto ya zo?"

Zinariya ta waiwaya. "Ya zo. Wallahi ya zo, tar!"

"To kada wanda ya matso."

"Hudu, ka ji ciwo?"

"Yaya Alhaji, ka ajiye tsanin nan. Wanda ya motsa ni daga nan ban yafe ba."

Ashe dammunan geron da ya dira a kai sun tsayar da shi daidai inda ake so, hannun na fuskantar Kurfi. Wanda ya taɓa shiga rumbun gero da rana ya san me ake kira ƙaiƙayi. Ya shiga wuya, ya shiga hammata, ya bi gumi ya gangara baya, ga hannu ɗaya a sama, ɗayan kuma ya tallafe shi kada ya sauko, ba na susa. A haka aka kira sunan Mubina.

Gogo ta miƙa hannu ta shafa allon. "Ga ta nan. Ta rame." Mubina na karatu, leɓen tsohuwa na bi, tafin hannunta a buɗe a kan cinya. A tambaya ta biyu yarinya ta sarƙe, alƙali ya buga ƙararrawa. Gogo ta ɗaga murya daga Wurma ta ce, "Koma baya kaɗan, uwata, kin san ta." Mubina ta rufe ido a Katsina, ta koma baya kaɗan, ta wuce. Ba wanda zai iya raba matan gidan nan da cewa ta ji.

Sai da aka tashi zaman gaba ɗaya, Gogo ta ce ta ga alƙalai sun miƙe, sannan hannun ya sauka. Maza uku suka jawo shi. Ya fito fari fat da ƙaiƙayi, hula a karkace, idanu jajur suna zubar ruwa. Zinariya ta dube shi ta buɗe baki, ya riga ta: "Ƙaiƙayi ne." Ba wanda ya musa, ko da yake duk mun san murya na shiga rumbu ta baki. Bai tambayi yadda yarinyar ta yi ba, ya wuce ya durƙusa bakin gadon.

"Gogo, kin gani?"

"Na gani. Har hijabin da na ce kada ta sa, shi ta sa."

Mubina ta zo ta biyu. Da aka gaya masa ya ce to madalla, ya tambaya ko an ba awaki ruwa. Kwana biyu ana shafa masa man kaɗanya, hannun dama kuwa sai da ya yi kwana uku bai kai loma baki ba. Alhaji Sodangi ya koma gari, bayan mako ya aiko da dogon bututun ƙarfe a kan mota, ba saƙo. Bututun ne yanzu a tsaye a jikin rumbun a madadin gora. Idon Gogo kuwa, kamar yadda ta faɗa, bai kai baɗi ba. Yanzu da kunne take kallo, amma duk baƙon da ya shigo sai ta faɗa masa launin hijabin.

Yau a Wurma duk wanda ya sayi irin na'urar nan, kafin ya kunna sai ya aika a kira Malam Hudu ya zo da gawayinsa. In ka ga bango da lambobi, ya bi ta nan. Wannan bai hana tsokana ba. Ranar kasuwar Kurfi da ta wuce, yana zaune a rumfar mai shayi, wani abokin wasansa, Hamma, ya hango shi ya ɗaga hannu sama ƙiƙam ya daskare, rumfa ta kwashe da dariya.

"Na rumbu! Mega nawa ake samu a ciki yau? Kai da ka tara gari kallo, kowa ya gani ban da kai!"

Malam Hudu ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar ake samu, har da ɗoriya. Kuma rumbuna na faɗa, gerona ya tare ni. Kai Hamma, hau naka ka faɗa mu gani, in ba mu ji ƙararka a ƙasa ba."